Tambayoyi Biyar da Ban Yi wa Umma Ba

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da darasi guda a kwalejin horar da ma'aikatan lafiya, wato yadda za ka kula da majiyyacin da harshensa da tarbiyyarsa da abin da ya yi imani da shi suka sha bamban da naka. A takarda darasin yana da dogon suna mai cika baki. Ɗalibai kuwa "ajin tambaya" suke ce masa, ni kuma a bayan idona suna kirana Malama Wa-ya-gaya-miki. Na san da sunan, ban kuma ƙi shi ba, domin da wannan kalma nake kashe bakin kowa. Ɗaliba ta miƙe ta ce mutanen yanki kaza ba sa yarda da allura, in ce wa ya gaya miki. Wani ya ce matan ƙabila kaza ba sa buɗe baki gaban mazajensu, in ce wa ya gaya maka, ka bi su ɗaki-ɗaki ka ƙirga ne? Garinmu ya tara mutane daga ko'ina. A layin yankar kati na asibitin koyarwa kana iya jin harshe shida kafin ka kai taga, saboda haka darasin ba na ado ba ne.

Ranar farko nake raba musu ɗan kati mai tambayoyi biyar, in ce su ajiye shi kusa da zuciya. Me kake kiran wannan ciwo? Me kake ganin ya kawo shi? Me ka fi tsoro game da shi? Wa kake so a gaya wa halin da kake ciki, kuma har ina kake so ka sani? Ta biyar ita ce nake alfahari da ita, don ni na ƙirƙiro ta: akwai abin da kake son yi wanda ciwon nan ya tsayar da kai? Nakan buga tebur in ce musu, "Mutumin da ke kwance za ku tambaya. Ba ƙabilarsa ba, ba matarsa ba, ba ɗansa mai takalmi ƙwas-ƙwas da ya zo yana yi muku bayani ba."

Aikin zango shi ne kowa ya zauna da majiyyaci ɗaya a asibitin, ya yi masa tambayoyin, ya rubuto rahoto. Dokokina biyu ne, kuma ba na wasa da su. Abin da majiyyaci ya gaya maka ba ya zuwa kunnen danginsa sai da izininsa, wanda ya karya wannan ya faɗi darasin. Sannan rahoto ba sunan majiyyaci, ba sunan ɗalibi, lamba kawai, a jefa shi cikin wani kwali da na liƙe a ofishina, ba na buɗewa sai zango ya ƙare. Wata shekara an taɓa yi mini ƙorafin ina duba wa 'yan gaban goshi nasu tun kafin lokaci, tun daga nan na rantse ba zan sake taɓa takardar kowa ba.

A sati na biyu na wannan zango aka kwantar da Umma a asibitin.

Likitan da ke duba ta ya taɓa zama a ajina yana ɗalibi. Ya kira ni ɗan ofishinsa da ke ƙarshen baranda, ya rufe ƙofa, ya juyo mini da hoton cikinta. Ban buƙaci bayani ba. Cutar kansa ce a hanta, ta riga ta bazu. Ya ce wata ɗaya, in Allah ya ja kwana, wata biyu.

"Zan shiga in gaya mata," in ji shi. "Kina so ki kasance a wurin?"

"Ba za ka gaya mata ba."

Ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "A gidanmu ba a gaya wa babba irin wannan magana. Karya mata zuciya za ka yi, ta tafi kafin lokacinta."

Ya juya biro a hannunsa, ya ce a hankali, "Malama, kin tambaye ta?"

Na sha mur. "Ni za ka koya wa? Uwata ce fa. Cikinta na fito."

Wa zai yi musu da mai koyar da al'adun majiyyata a kan al'adar gidansu? Ya rubuta a gaban fayil ɗin cewa iyali sun nemi kada a sanar da majiyyaciya, ya miƙo mini na sa hannu.

Gaskiyar magana, babu wannan al'ada a gidanmu. Lokacin ciwon Baba an gaya masa komai, ya kira mu ɗaya bayan ɗaya ya yi mana sallama. Ni ce ba zan iya kallon fuskar Umma tana jin wannan labari ba. Tsoro ne ya kama ni, na ɗauko darasina na lulluɓe shi da shi.

Gadonta na tara ne, kusa da taga, a ɗaki mai gadaje goma sha biyu. Umma tela ce, shekara arba'in tana kan keke kafin idonta ya gaza, kuma bakinta bai taɓa gazawa ba. Kwana uku da zuwanta ta riga ta gaya wa nas-nas biyu cewa wanda ya ɗinka musu riga bai ji tsoron Allah ba. Ita da matar gado na goma ba sa jin harshen juna, amma kullum da safe sai sun yi musayar shayi, kowace tana zuba surutu da nata yaren suna dariya.

Da na dawo daga wurin likita ta kafe ni da ido. "Me suka ce?"

"Kumburi ne a hanta, Umma. Sati biyu a sallame ki."

"Kin tabbata?"

"Haba Umma, ni fa nake koyar da su."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta gyara kwanciya. "To shi ke nan. Je ki gida ki ɗauko mini baƙin takalmin nan nawa, ki kai wa mai gyara ya ɗinke maɗaurin, ya sa masa sabon ƙasa. Ina da tafiya in na fita."

Na kai takalmin, aka gyara, na kawo. Ta sa na ajiye shi a ƙarƙashin gado, hancinsa na kallon ƙofa. Ban ce mata tafiya ina ba. Ni da nake faɗar da ɗalibi a jarrabawa don bai yi tambaya ba, ban tambayi uwata inda za ta ba, saboda na san duk amsar da ta bayar sai na sake yin wata ƙaryar a kanta.

Akwai suna ɗaya da ba a ambata a gidanmu, na Inna, ƙanwar Umma, uwa ɗaya uba ɗaya. Ina shekara uku Umma ta yi doguwar jinya, aka kai ni wurin Inna, wadda ta shekara goma da aure ba ta samu haihuwa ba. Shekara huɗu na yi a hannunta. Ranar da Umma ta zo tafiya da ni, na ƙanƙame zanen Inna ina ihu ba ni zuwa. Inna ta ce a bar ni ko zuwa ƙarshen shekara. Umma ta fizge ni, ta ce mata a tsakar gida, gaban maƙwabta, "Ki haifi naki." Shekara talatin da huɗu ke nan ba su sake magana ba. Ni dai a wurina zancen ya mutu tuntuni, an binne shi. Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba a kwanakin nan.

A ajin wannan shekarar akwai wata da ɗalibai ke kira Uwar Aji. Ungozoma ce, ta yi shekara ashirin da shida a wani ƙaramin asibitin ƙauye kafin a turo ta neman ƙarin takarda. Ta girme ni da kusan shekara goma. Kujerar gaba take zama, tana rubutu a hankali da tabarau a ƙarshen hanci, in na yi sauri ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, taka burki, tsohuwar mota ce a bayanki." Ina jin daɗinta, ko da yake ita kaɗai ce ba ta tsorona.

Wata ranar Talata, ina cin abinci a tsaye tsakanin darasi da komawa asibiti, ta yi sallama a ƙofar ofis da takardu a hannu.

"Malama, na gama rahotona."

"Da wuri haka? Ga kwali can."

"Ina so ki karanta shi yau."

"Uwar Aji, saura sati biyar a rufe zango. Kin san doka."

"Na sani. Don Allah dai."

"Me ke ciki da ba zai jira ba?"

"Ba zan iya faɗa da baki ba. Malama kaɗai aka yarda ta gani, a rubuce."

Na yi dariya, na ce, "Kowa nasa rahoton gani yake kamar da shi za a ceci duniya. In na karanta naki, gobe mutum talatin da ɗaya za su cika mini ƙofa. Jefa shi."

Ta daɗe tsaye tana kallona ta saman tabarau. Sannan ta tura takardun ta bakin kwalin, ta fita ba ta ce sai an jima ba.

Sati biyun da na yi wa Umma alkawari sun riga sun cika, na ƙara mata wasu biyun. Na ce likita yana so kumburin ya sauka sosai. Likitan ya tare ni sau ɗaya ya ce, "Malama, mu sake duba maganar nan, ina ganin tana son sani." Na ce masa in ya kuskura sai na kai shi gaban hukumar asibiti. Kullum da yamma nakan zo da abinci a kwano, in taje mata kai, in shafa mata mai a ƙafa, in ba ta labarin shirmen ɗalibai. Duk wanda ya gan ni sai ya ce Allah ya ba shi 'ya irina. Ita kuma kafin in tafi sai ta ce in leƙa ko masu shara sun ture takalmin.

Bayan kwana goma na haɗu da Uwar Aji a barandar asibiti, ina riƙe da filas ɗin shayi.

"Malama, kin buɗe kwalin?"

Raina ya ɓaci. "Ke wai ba ki da tausayi ne? Uwata na kwance, kina bina da zancen maki?"

"Ba maki nake nema ba." Ta matso kusa, ta rage murya. "Katin nan naki yana jakarki?"

"Yana nan. Sai me?"

"Ki yi aiki da shi."

Na wuce na bar ta a tsaye. Zan so in ce ban gane ba, amma rabin zuciyata ta gane. Ranar na zauna gefen gado na tara, jakata a cinya, katin na ciki. Na san in na yi tambaya ta ɗaya dole in kai ta huɗu, in na kai ta huɗu kuwa asirina ya tonu. Sai na ce, "Umma, kitson nan ya tsufa, bari in tsefe miki."

A satin ƙarshe barci ya yi mata yawa, idonta ya koma rawaya. Wata safiya ta farka ta kama hannuna, ta ce, "Sati biyun nan naki ba sa ƙarewa ne?"

"Sun kusa, Umma."

"To Allah ya sa. Kada damina ta ɓata hanya."

Wannan ce magana ta ƙarshe da ta yi mini cikin hayyacinta. Ta rasu ranar Alhamis da hantsi, kwana arba'in da ɗaya bayan na sa hannu a fayil ɗin. Wata nas ta haɗa mini kayanta a leda: filas, mataji, tabarau, da baƙin takalmin da sabon ƙasansa bai taɓa taka ƙasa ba.

Washegari Inna ta zo gaisuwa, wani cikin dangi ne ya buga mata waya. Ban gane ta da fuska ba, da tafiya na gane ta, don irin ta Umma ce sak. Ta zauna can bakin ƙofa kamar baƙuwa, ba ta yi kuka ba, ba ta ci komai ba. Da na durƙusa gaishe ta, ta dafa kaina ta ce, "Kin girma." Can kuma ta ce, ba da faɗa ba, kamar da kanta take magana, "Kwana arba'in tana kwance, ko aike." Gari na wayewa ta kama hanya.

Na koma aiki bayan sati biyu, zango ya riga ya ƙare. Da azahar na yanke bakin kwalin da reza, na zube rahotanni talatin da biyu a tebur, na ɗauki jan biro. Na duba goma sha shida, ina ja musu layi ina rubuta wa ya gaya maka a gefe. Na goma sha bakwai da hannu aka rubuta shi, manyan haruffa a tsaye, rubutun mai ɗaukar lokaci.

"Majiyyaciya mace ce, shekararta sittin da tara, tela ce kafin idonta ya yi rauni. Gadonta na kusa da taga. Kafin mu fara ta ce hannun rigata ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

Biron ya faɗi daga hannuna. Na tashi na rufe ƙofa, na dawo na ci gaba.

"Tambaya ta ɗaya. Ta ce kumburi ne a hanta, haka 'yarta ta gaya mata.

"Ta biyu. Ta ce zaman keke ne na shekara arba'in, ta yi dariya.

"Ta uku. Ta ce ba ta tsoron mutuwa. Ta ga ta mijinta, an gaya masa, ya shirya, ya sallami kowa. Abin da take tsoro shi ne ta zo mata ba sanarwa.

"Ta huɗu. Ta ce ita za a gaya wa, kuma duka, ba ragi. Ta ce jikina ne. Amma ta ce hankalinta kwance yake, domin 'yarta ce ke koyar da ma'aikatan lafiya, kuma tun tana ƙarama ba ta iya ƙarya ba. Da akwai wani abu da ta faɗa mini, in ji ta.

"Ta biyar. Ta nuna mini takalmi a ƙarƙashin gado. Ta ce tana da ƙanwa da ta gaya wa muguwar magana shekara talatin da huɗu da suka wuce, kuma babu ranar da ba ta tuna ba. Da an sallame ta can za ta fara zuwa neman gafara. Na ce me ya hana ta buga waya. Ta ce a tsaye ta faɗi maganar gaban mutane, a tsaye za ta janye ta gaban mutane. Ba ta so a ɗauko ƙanwar ta same ta a kwance, ta yafe mata don tausayi. Na ce to da a ce lokaci ya ƙure fa? Ta ce da yau ɗin nan zan aika a ɗauko ta, ko a kwance ne, ko ba na iya ɗaga kai. Amma tunda saura sati biyu, zan jira in je da ƙafata.

"Na nemi izinin gaya wa 'yarta. Ta hana. Ta ce a kan yarinyar aka yi faɗan, kada ta ɗauka laifinta ne. Sai na dawo in ba ta labari, in ji ta.

"Na duba fayil, na ga an rubuta kada a sanar da ita. Na yi wa likita magana, ya ce zai sake gwadawa. Dokar aji ta hana ni kai maganar majiyyaci wurin danginsa. Ba ta hana malama karanta rahoto ba. Malama, don girman Allah ki karanta wannan da wuri."

A ƙasa ta sa kwanan wata. Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa. Kwana ashirin da uku takardar nan tana cikin kwali, taku biyu daga kujerata, Umma tana da rai, tana magana, tana gane mutane. Na kifa kai a kan tebur na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Ban taɓa jin na tsani wani mutum kamar yadda na tsani kaina a wannan azahar ɗin ba.

Na sa aka kira mini Uwar Aji. Ta shigo ta ga takardar a hannuna, ta ja kujera ta zauna ba tare da na ce ta zauna ba.

Na ce, "Me ya sa ba ki karya dokar ba? Me ya sa ba ki kama ni kin girgiza ni ba?"

"Na yi tunanin haka, Malama. Ba faɗuwa darasi ta hana ni ba, shekaruna sun wuce tsoron jan biro. Ita ta ce kada in faɗa. Ni kaɗai ce na tambaye ta abin da take so a ɗakin nan, ban so ni ma in ci amanarta ba." Ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafi. "Amma kullum sai na tambayi kaina ko na yi daidai. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Ita ta bi abin da na koya mata har ƙarshe.

Ranar Asabar na shiga motar farko. Tafiyar awa shida ce zuwa garin da Inna take, hanya lafiyayya, ko gada ɗaya ba ta karye ba. Ɗakinta ɗaya ne a cikin gidan haya, gado, kujera biyu, rediyo a kan taga. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta ba ni ruwa, ta zauna a bakin gado tana jira, ba ta tambaye ni abin da ya kawo ni ba.

Na ce, "Inna, akwai saƙonki da ya makara a hannuna."

Na karanta mata daga farko har ƙarshe. Da na zo wurin hannun riga ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ita ce." Da na zo tambaya ta biyar ta sa hannu ta toshe bakinta. Na gama, na fito da takalmin daga leda na ajiye a gabanta. Sannan na gaya mata sauran, likita, fayil, sa hannuna, sati biyun da ba sa ƙarewa. Ban rage komai ba.

"Sake karanta mini wurin nan," in ji ta. "Wurin da ta ce babu ranar."

Na sake karantawa.

Ta ɗauki takalmin ɗaya ta juya shi, ta shafa sabon ƙasan da tafin hannu. "Ni na yafe mata tun tuni. Tun kafin ki yi aure. Jira nake ta zo ta tambaya, in ɗan ja mata rai, in ce na yafe, mu yi dariya." Ta ɗago ta dube ni. "Kwana nawa kika sani?"

"Arba'in da ɗaya."

"Awa shida ce fa, 'yar nan. Ko ranar ƙarshe kika kira ni da asuba, da na same ta."

Na zame daga kujera na durƙusa. "Inna, ki yafe mini."

Ta miƙo hannu, na ɗauka kaina za ta dafa. Takardar ta karɓa. Ba ta iya karatu ba, amma ta ninke ta huɗu, ta cusa cikin rigarta ta danne da hannu. Na buɗe baki zan ce ta makaranta ce, sai an sa mata maki an mayar ofis, sai na ji kunyar kaina na fasa.

"Inna," na sake cewa.

"Na ji ki," in ji ta. Ta sunkuya ta tura takalmin ƙarƙashin gadonta. "Ba yau ba. Tashi ki wanke ƙafa, kin sha hanya."